Ranar da Dattawan Hillarmu Suka Tuɓe Rawani

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Juma'a ta ƙarshen damina ba, a shekarata ta huɗu da kama aikin gafir, wato mai gadi da kula da filin jirgi. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin nan, daga Jazira ta ƙasar Sudan har nan wajen Damazin inda na ajiye shi, kuma ranaku da yawa sun zube mini daga ka, amma ban da wannan. Tun da kun ce in ba ku labarin aikinmu na da, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Ba labarin da nake alfahari da shi ba ne, shi ya sa na daɗe ban ba da shi ba.

Filin da na fara aiki yana bayan hillarmu ne, wato ƙauyenmu, kudu da birnin Madani, tsakanin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, da gonakin auduga da muke kira hawasha. Tun zamanin Turawa aka share shi saboda jirgin wasiƙu da na manyan masu duba noma. Mahaifina yana cikin leburorin da suka kwashi ƙasa a kwando suka cike ramukansa, kuma har ya tsufa, in jirgi ya sauka lafiya sai ya gyara zama kamar shi ya tuƙo shi. Kada ku kawo irin wannan filin naku a rai. Babu kwalta, babu bene, babu rediyo. Ƙasa ce miƙaƙƙiya da aka daɓe, sai ɗaki ɗaya na kwano, da gangunan mai, da dogon ƙarfe mai buhun nuna hanyar iska a samansa, da wata bagaruwa inda nake ɗaure jakina.

A zamanina wata ƙungiyar masu koyon tuƙin jirgi, nadi muke ce mata, ta ajiye ƙananan jirage biyu a Madani, kuma filinmu ne makarantarsu ta koyon sauka. Ya salam, safiyar Juma'a ta wancan lokaci! Tun rana ba ta yi zafi ba za ka ji ƙugin inji daga arewa. Likita ne, malamin makaranta ne, injiniyan ruwa ne, kowa ya ajiye girmansa a gida ya zo ana gyara masa kuskure kamar ɗan aji ɗaya. Jirgin kujera biyu ne, jikinsa yadi ne da aka ɗame aka shafe da fenti, manyan tayoyi biyu a gaba, 'yar ƙarama a wutsiya. Da hannu ake murza farfelarsa kafin inji ya kama, ni ma an koya mini, har yau kafaɗata ta dama ta san nauyinta. Su sauka, su tashi, su zagayo, su sake sauka, mutanen hilla suna jere a bakin fili suna yi musu alƙalanci. In wani ya buga jirgin da ƙasa ya yi tsalle, sai ka ji tsofaffinmu, da Sakkwatancinsu da bai bar bakinsu ba, suna cewa, "Wanga da saura nai." Mata su kawo shayi da jabana, wato gahawa, a zauna a inuwar fiffike a sha. Wallahi mun ga rayuwa.

Malaminsu Kaftin Siddiƙ ne, wani gajeren mutum mai gashin baki wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma in ya dube ka sau ɗaya sai ka gwammace ya zage ka. Ranar da na fara aiki ya ce mini, "Ya Abakar, in ina sama ba ni da ido a ƙasa. Kai ne idona." Da Larabci ya faɗa, na ce masa tamam, wato na ji, amma a lokacin ban san nauyin maganar ba.

Ga yadda aikin yake. Kowace safiya bayan sallar asuba zan ɗauki sandar ƙarfe in taka filin daga wannan kai zuwa wancan, ina caka ta a ƙasa. Kun san baƙar laka, amma ta Jazira ta fi kowace mugunta. In ta bushe sai ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. In ruwa ya shiga tsagar kuwa, sai ya bi ta ƙarƙashi ya jiƙa ciki, rana ta busar da saman, ka ga wuri garau alhali ƙasansa kunu ne. Jirgi irin nasu in ya taka wannan wuri da gudu, tayoyin gaba za su nutse, hancinsa ya soki ƙasa, ya kife da mutumin da ke ciki. Ido ba ya gane irin wannan wuri, sai sanda. In na gama takawa, in rubuta a littafin fili cewa na taka, in sa hannu.

Sai alama. Tun da ba rediyo, da farin yadi muke magana da na sama. Ƙyallaye ne guda biyu dogaye na damuriya, farin yadin auduga mai kauri. In fili lafiya, in shimfiɗa su kamar harafin T na boko, kan harafin yana duban inda iska ke fitowa, ma'ana sauko ta nan. In da matsala, in gicciya ɗaya a kan ɗaya, ma'ana kada ka kuskura. In kuwa matuƙi bai ga wata alama ba sam, ƙa'idar nadi ta ce ya zagaya ya duba da idonsa, in filin ya yi masa kyau ya sauka.

A cikin ɗaliban shekarar akwai Ustaz Mahajub, malamin lissafi a wata makaranta a Madani. Dogo ne, mai yawan gumi, kuma ya fi kowa jinkirin koyo. Shi ya fi kowa buga jirgi da ƙasa, shi kuma tsofaffinmu suka fi so, don duk ya sauko sai ya je ya gaishe su hannu bibbiyu. Kalmar Hausa ɗaya ya iya, "sannu da aiki", kuma kowa yake faɗa wa, har wanda ke kwance yana hutawa. Da kyar da naci ya kai matakin ƙarshe. Kafin a ba ɗalibi takardar shaidar tuƙi, sai ya tashi shi kaɗai, ba malami a gefensa, ya je wani fili ya sauka, gafir ya buga masa hatimi a littafinsa, sannan ya koma. Ranar Talata takarda ta iso mini ta ofishin mufattish, mai duba noma na yankinmu, cewa Ustaz Mahajub zai sauka filinmu ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe. A makon ne kuma aka karɓi tsofaffin ƙyallayena da suka ruɓe, aka ba ni sababbi fil, ko takardar da aka naɗe su ban cire ba.

Ranar Alhamis da asuba Gwaggo Kulu ta rasu. Tsohuwa ce da ta baro ƙasar Sakkwato da mijinta tun tana da ƙuruciya, a ƙafa, da niyyar aikin hajji, kamar yawancin kakanninmu. Mijin ya rasu a Jazira, ita kuma ta tsaya tsintar auduga da niyyar in ta samu hali ta ƙarasa, har tsufa ya cim mata a nan. Ba ta bar ɗa ko jika ba, amma rabin mutanen hilla ita ta yanke musu cibiya, har da ni da ke gabanku. Kowa ya san tana da likkafaninta a cikin wani akwatin kwano, tun daga gida ta taho da shi. Da mata suka buɗe akwatin suka ɗaga yadin, sai ya zube a hannunsu. Gara da shekaru sun gama da shi.

Daga masallaci aka wuce da mu samari haƙa kabari, don haka ban je fili ba. Ina cikin rami sai ga Liman Sanda, limamin hillarmu, ya tsaya a kaina. Kantin hilla babu farin yadi, motar Madani kuma sai Asabar take zuwa, ga zafi, gawa ba ta jira.

"Abakar," ya ce, "an ce mani kana da sabon hwarin yadi ɗakin gwamnati."

Na ce, "Na aiki ne, Malam."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ƙara da cewa, "Ita ko, ka san ko wace ce gare ka."

Na fito daga ramin, na je na ɗauko yadin na miƙa. Likkafanin mace ya fi na namiji cin yadi, don haka duka biyun aka yayyanka. Har yau ban yi nadamar wannan ba, kuma da za a sake, zan sake bayarwa. Abin da ya biyo baya ne laifina. Na ce a raina, Ustaz ya san filin nan kamar tsakar gidansu, ga buhun iska zai nuna masa ta inda zai sauko, me zai yi da alama? Ranar Asabar in shiga Madani in samo irinsa, ba wanda zai sani. Ban gaya wa Liman amfanin yadin ba. Ban hau jaki na je ofishin mufattish, inda ake da wayar tarho, na sanar da Kaftin ba. Aka rufe Gwaggo kafin azahar, na wuni a wurin zaman makoki. Da yamma na leƙa ɗakin kwano, na buɗe littafi, na rubuta cewa na taka fili, na sa hannu. Wannan sa hannun ne har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni.

Ranar Juma'a bayan asuba na sake zama wurin makoki, don mutanen hillolin kusa sun fara zuwa gaisuwa, ni nake zuba shayi. Sai wajen bakwai da rabi na ɗauki sandata na nufi fili, ba ko sauri. Farkon filin lafiya, sanda tana buga ƙasa tana dawowa. Ina isa tsakiya na caka, sai ta shige har hannuna, saura kaɗan in kifa. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na matsa taku goma na caka, haka. Na sake matsawa, haka. Na bi gefe da gudu, sai na ga inda wata ƙaramar hanyar ruwa ta wata hawasha ta ɓalle, an toshe ta da sabuwar laka. Ashe tun kafin Alhamis ruwan ya malalo ya bi tsaga ya shiga ƙarƙashin fili, zafin ranar Alhamis kuma ya busar da saman. Da na taka ranar Alhamis da safe, da idona zan ga danshin, kuma ina da wuni guda cur na aika saƙo.

Yanzu saura minti ashirin, ofishin mufattish kuwa tafiyar awa guda ce a jaki. Za ku ce me ya hana in tsaya a tsakiyar fili in yi ta ɗaga hannu? Haba, ai duk jirgin da ya zo ɗaga masa hannu ake yi, yara da manya. Abin da Kaftin ya koya musu shi ne, in ka ga mutane ko awaki a fili ka bi ta kansu ƙasa-ƙasa su watse, ka zagayo ka sauka. In kunna wuta? Hayaƙi hanyar iska yake nunawa, kamar na ce masa bismilla ke nan. Abu ɗaya ne tak matuƙi zai gani ya fasa, farin gicciye, ni kuwa farin yadina yana cikin kabari. Na tsaya ina juyi a wuri ɗaya, ina ganin fuskar Ustaz yana ce mini sannu da aiki. Wallahi tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, na san mutumin nan zai mutu a gabana kuma ni na kashe shi.

Ɗakin Gwaggo Kulu shi ne na ƙarshe a hilla ta wajen fili, a gabansa aka kafa rakuba, rumfar da ake zaman makoki. Daga inda nake tsaye na hango dattawa jere a kan tabarmi, kowa da farar jallabiya, kowa da imma a kansa. Kun san imma, rawaninmu na Sudan, in aka warware shi ya fi tsawon mutum biyu. Ban san lokacin da na jefar da sanda na zuba da gudu ba.

Ku yaran yanzu da ke yawo kai ba hula, ba za ku gane abin da na je nema ba. A wurinmu dattijo ba ya buɗe kansa a gaban mutane, balle a zaman makoki, ga baƙi daga wasu hilloli. Na kai shekara ashirin da biyar a duniya ban taɓa ganin tsakar kan Liman Sanda ba. Na faɗa cikin rakubar ba sallama, da takalmina a kan tabarma, ina haki, na ce, "Ku ba ni rawunanku! Don Allah ku ba ni rawunanku duka!"

Wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutum mai saurin fushi, ya zabura ya ce, "Kai, ɗan ga! Mi ya same ka? Hauka kake? Sabka bisa tabarmar mutane!"

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Bari shi hwaɗi."

Na faɗa a gurguje, kalma tana tuntuɓe da kalma: ruwa ya shiga fili, Ustaz dogo yana tafe shi kaɗai, in ya sauka jirgin zai kife, kuma ba abin da zai hana shi sai farin yadi a gicciye.

Liman ya dube ni ya ce, "Yadin jiya, da shi ake hana jirgi sabka?"

Na ce, "Da shi ne, Malam."

"Kuma ka ba mu, ba ka hwaɗa muna ba?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ga Liman ya kai hannu kansa, ya zaro bakin rawanin, ya fara warwarewa, zagaye bayan zagaye, har ya tara shi a cinyarsa. Ya miƙe ya ce, "Wadda ta riga mu ta samu nata. Ku tashi, mai rai na bisa."

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi sauri irin na ranar ba. Wani da sanda, wani yana riƙe da gwiwa, wani ya bar takalmi ɗaya a hanya, kowa yana warware rawani yana tafe, har da baƙin da ba su san ko waye Ustaz ba. Kawuna da ya gama zagina shi ne a gaba. Rawani takwas muka samu. A farkon fili, inda ƙasa ke da ƙarfi, na jera huɗu ta nan, huɗu ta can, bibbiyu gefe da gefe don su yi faɗi. Sai ga wata matsala. Imma ba damuriya ba ce, shara-shara take, iska tana taɓa ta sai ta tashi ta naɗe. Ga shi a Jazira ko ka wuni kana nema ba za ka samu dutse ɗaya ba. Ina danne nan, can yana tashi. Liman ya duba, ya cire hular da ta rage a kansa, ya cika ta da ɓarɓashin ƙasa, ya ɗora a kan yadin. Sauran suka yi yadda ya yi. Bakunan gicciyen huɗu kuma suka rarrabu suka zauna a kai. Suna zama muka ji ƙugin inji daga arewa.

Jirgin ya zo ya zagaya sau ɗaya daga sama. Na ce alhamdu lillahi, ya gani. Ya sake zagayawa, na ce yanzu zai juya. Sai na ga ya miƙe can nesa, ya karkato, ya daidaita hancinsa da fili, ƙarar inji ta ragu. Shekara huɗu ina jin wannan ƙarar, na san ta, ta sauka ce. Zai bi ta kan dattawa ne ya dire a bayansu, a tsakiyar fili, daidai inda sandata ta nutse.

Na tuɓe riga ina kaɗawa, ina gudu, ina ihu da Larabci da Hausa kamar zai ji ni. Dattawa kuwa ko motsi ba su yi ba. Kawuna yana ta salati da ƙarfi. Liman ya ɗaga kai yana duban jirgin ido cikin ido, rana tana dukan kansa. Jirgin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har na ga busasshiyar laka a tayoyinsa, na ga fuskar Ustaz ta taga. Na rufe idona. Sai na ji inji ya yi wata irin kururuwa, iska ta watsa mana ƙasa a fuska. Da na buɗe ido, jirgin yana hawa sama, wani rawani kuma yana birgima a fili. Ya zagayo sau ɗaya, ya karkata fiffike dama da hagu, ya nufi Madani. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Dattawa suka kakkaɓe hulunansu, kowa yana neman rawaninsa. Kawuna ya dubi Liman sama da ƙasa ya ce, "Malam, ashe haka kanka yake? Ko gashi guda babu!" Tun rasuwar Gwaggo ba a yi dariya a hilla ba sai lokacin. Liman ya ce, "Naɗa naka ka yi shiru, kai ma ba abin kallo ba ne." Suka koma rakuba da jirwayen laka a rawunansu, da su suka yi sallar Juma'a. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi Kaftin Siddiƙ ya zo a mota ta kan gaɓar tur'a, Ustaz yana gefensa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in ce sace yadin aka yi. Amma wa zan ɗora wa sata? Mutanen da suka zauna mini a rana kai buɗe? Da Kaftin ya ce, "Ina alamarka?" sai na ce ya biyo ni. Na kai shi maƙabarta, na nuna masa sabon kabari, na ce, "Tana nan ciki, ya Kaftin." Na ba shi labari duka. Ya ɗaga hannu ya yi wa Gwaggo fatiha, sannan muka koma ɗakin kwano. Can ya buɗe littafin fili, ya juya zuwa shafin Alhamis, ya ɗora yatsa.

"Wannan hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Ka taka?"

"Ban taka ba."

Ya ce, "Maganar yadi, da ka buga mini waya, da na ce ka bayar, in aiko maka da wani a ranar. Mahaifiyata ma a cikin irinsa aka sa ta. Amma wannan hannun, ya Abakar, shi na dogara da shi na saki mutum shi kaɗai a sama." Ya ciro jan alƙalami ya soke layin. Ya rubuta mini takardar gargaɗi da ta zauna a fayil ɗina har na bar aiki, ta kuma jinkirta mini ƙarin girma. Ban taɓa kai ƙara ba, don na san abin da na cancanta ya fi haka.

Sai Ustaz Mahajub ya matso. Ya ce in ba shi sandata. Ya tafi shi kaɗai har tsakiyar fili, wurin da ya yi niyyar direwa, ya caka. Ta shige. Ya daɗe tsaye yana kallonta, sannan ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Ya Abakar, ka san na ga gicciyen tun zagayen farko? Amma ya karkace, ga shi siriri, ga mutane zazzaune a kai. Na ce wanki ne aka shanya. Na duba fili, na gan shi a bushe. Kuma ina son hatimin nan, wata nawa ina jiran ranar. Na yanke shawara in tsallake su in sauka."

Kaftin ya ce, "To me ya hana ka?"

Ya ce, "Da na zo ƙasa sosai na leƙa ta taga, sai na ga ba samari ba ne. Tsofaffi ne masu farin gemu, kawunansu a buɗe cikin rana, jirgi yana zuwa kansu, ba wanda ya gudu, ba wanda ya ɗaga mini hannu. A nan na gane rawunansu ne a ƙasa. Mahaifina har ya rasu ban taɓa ganin ya fita ƙofar gida ba rawani ba. Na ce mutane irin waɗannan ba sa tuɓe rawani saboda wanki."

Daga nan ya wuce rakuba, don ranar ce ta uku ta makoki. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Liman, ya yi ta'aziyyar matar da bai taɓa sani ba, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana sumbatar kawunansu. Liman ya ce in tambaye shi ko yana da iyali. Ya ce yana da mata da 'ya'ya biyu. Liman ya ce, "To madalla. Ce mai shi sha shayi, shi tahi su gane shi."

Bayan mako biyu fili ya bushe, Ustaz ya sake tahowa shi kaɗai, ya buga jirgin da ƙasa kamar yadda ya saba, na buga masa hatimi. Nadin ya daɗe da watsewa. Filin ma an nome shi, rabona da hilla na tarar da dawa ce a wurin, ko alamar ɗakin kwano babu. Dattawan nan takwas duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ku yanzu kuna da rediyo a ƙugu da waya a aljihu, amma littafin nan da kuke sa wa hannu kowace safiya bai canja ba, kuma wanda ke sama bai san ko kun taka ko ba ku taka ba, hannunku kawai ya yarda da shi. Tun daga ranar ban sake sa hannu a kan abin da ƙafata ba ta taka ba, ko ina zazzaɓi, ko ana biki a gidana. Ni ne ma'aikaci a wurin, ni aka horar, ni ke riƙe da sanda da littafi da hatimi, kuma ni na kusa kashe mutumin. Waɗanda suka cece shi kuwa, har suka bar duniya ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa shiga jirgi ba.